Famfon iskar nan da ke kunna wa mutane cek injin: zama da Oga Sule

Nura: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Nura ne, ga Bash a gefena yana ta danne-dannen waya kamar kullum, sannan yau mun yi sa'a mun janyo Oga Sule daga gareji. Oga sannu da zuwa.

Oga Sule: Yauwa, sannunku dai. Amma fa ku yi da jiki, yara na bari da motar mutane a buɗe.

Bash: Maigida kullum yara ka bari, kullum sauri kake, amma in ka kama magana sai an yi kiran salla biyu.

Nura: To kafin ku fara, abin da ya sa muka ɗauko maganar nan, tun satin da ya wuce guruf ɗinmu na WhatsApp bai huta ba. Wani wutar cek injin ta kama masa a dashbod, ya turo hoton sikana, na'urar karanta matsalar mota, ta nuna masa lambar P0410 ta famfon iska a Mercedes ɗinsa, kafin a jima wani ya ce shi ma tasa haka, wani mai Tundra ya ce shi tasa ma ta daina gudu gaba ɗaya, sai gardama ta kaure, masu cewa a cire a yar, masu cewa a canja famfo, har da wanda ya ce matsalar man fetur ce.

Oga Sule: Komai aka rasa gane kansa a ƙasar nan sai a ce mai ne.

Bash: Ai man ma ba shi da gaskiya.

Oga Sule: Ba shi da gaskiya, amma wannan karon ba laifinsa ba ne. Bari in fara da abin da na'urar take yi, don wallahi rabin masu gardamar nan ba su taɓa ganin famfon da idonsu ba. Ka ga idan mota ta kwana, injin ya yi sanyi, kwakwalwar motar, wato kwamfutarta, tana ƙara mata fetur fiye da ƙima don ta tashi ta zauna daidai. Wannan fetur ɗin ba duka yake ƙonewa ba, ragowar yana bi ta salansa ya fita. Ita kuma indomi, na'urar nan da ke cikin hanyar salansa, wadda aikinta ke nan ta ƙone wannan dattin, ba ta fara aiki sai ta ɗau zafi, wajen digiri 250 zuwa 300. To sai masu ƙera mota suka ce bari mu sa ɗan famfo na lantarki ya hura iska mai kyau cikin hanyar hayaƙin, can kusa da tof silinda inda hayaƙin yake da zafi. Iska ta haɗu da ɗanyen fetur, ya ƙarasa cin wuta a nan, indomi ta yi zafi da wuri. Kamar dai yadda ake fifita gawayi ne kafin ya kama, da ya kama sai a ajiye mafici.

Nura: Wato ba kullum yake aiki ba.

Oga Sule: Ina! Daƙiƙa 30, minti ɗaya, in ya daɗe minti biyu, ya yi shiru, shikenan sai kuma wata safiyar. Shi ya sa masu Mercedes irin su C240 da E320 da ML320, da masu BMW E46, za ka ji da safe in sun tada mota wani abu yana fuuuuu a gaban injin, can sai ya ɗauke ɗif. Wasu ma tsorata suke su kawo min, Oga akwai abin da ke kuka. In ce musu ranar da ya daina kukan ita ce ranar zuwa wurina.

Bash: Ni na taɓa rasa ciniki saboda ƙarar nan. Mutum ya zo da sassafe da bakanikensa, aka tada E320, bakaniken ya kasa kunne ya girgiza kai ya ce alhaji wannan injin ya kusa.

Oga Sule: Ya kusa me?

Bash: Shi dai ya ce ya kusa. Suka shiga adaidaita suka tafi.

Nura: (dariya) Ai gara da ya tafi, wa ya san abin da ka ɓoye a motar.

Bash: Kai Nura ka ji tsoron Allah, ana jinmu fa.

Nura: To Oga, me ya sa mu masu Corolla da Camry ba mu san wannan wahalar ba?

Oga Sule: Yawancinsu ba su da shi. Abin na motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da Turai ne, musamman manyan injina da motocin Jamus, Mercedes, BMW, Audi, Volkswagen. Tun 1966 aka fara sa shi a motocin Kalifoniya saboda dokar hayaƙi, lokacin ma bel ne ke juya famfon, daga baya aka koma na lantarki. Daga 1996 kuma Amurka ta wajabta tsarin nan na OBD2, wanda ake soka sikana a ƙarƙashin sitiyari, kwakwalwa ta fara sa ido a kan komai na hayaƙi. Mu kuma nan motocinsu muke ɗaukowa bayan sun ci shekara goma sha a can cikin ƙanƙara da gishirin titi, ta biyo ta Kwatano ko Legas, to ka ga da gadonta take zuwa. Toyota ma ta shiga ciki, daga 2005 injin 4.7 na Tundra da Sequoia da GX470 da 4Runner mai silinda takwas duk suna da shi, sai 5.7 ɗin da ya biyo baya, da GX460.

Nura: To yanzu ga mutum wuta ta kama masa, an sa sikana. Daga ina za a fara?

Oga Sule: Daga lambar. Kuma don Allah mutane su riƙa rubuta lambar ko su ɗauke ta hoto kafin a goge. Don abin da ake yi, ka je, yaro ya soka sikana, ya danna gogewa, wuta ta mutu, ka biya ka tafi kana sa masa albarka. Kwakwalwar nan kuwa yawanci sai ta gwada abu sau biyu ta ga ya faɗi kafin ta kunna wuta, shi kuma wannan gwajin sai injin na da sanyi ake yinsa, wato gobe da safe ɗaya, jibi da safe biyu, wuta ta dawo. Sai ka ce ai gyaran ya yi kwana biyu. Babu gyaran da aka yi maka.

Bash: Kwana biyu ai ya isa a sayar da mota.

Nura: Ka gani ko! Jama'a kun ji da bakinsa.

Bash: Wasa nake, wasa nake.

Oga Sule: Lambobin kuma ba ɗaya ba ne. P0410 tana cewa tsarin gaba ɗaya bai yi abin da ake so ba, ba ta nuna maka waye mai laifi. P0411 iskar da ta shiga ba daidai take ba. P0412 wayar solonoyid ce, ɗan makunnin lantarki mai buɗe bawul ɗin da iskar ke bi. P0418 ɓangaren rile ne, wanda ke ba famfon wuta. P0491 da P0492 iska ta yi kaɗan a layin silinda na ɗaya da na biyu, masu BMW da Audi sun san su. In biyun suka fito tare, ka nemi abin da suka yi tarayya a kai, famfo ko fis ko tiyon bakyum, don da wuya bawul biyu su mutu rana ɗaya. In ɗaya ce kawai ta fito, to ka nufi bawul ɗin wannan gefen ko hanyarsa. Toyota kuma nata su ne P2440 zuwa P2445, bawul ya maƙale a buɗe, ya maƙale a rufe, famfo ya ƙi tashi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta ce je ka kasuwar Ƙofar Ruwa ka sayi famfo. Amma abin da kowa ke yi ke nan.

Nura: To ta yaya ita kwakwalwar take sanin iska ta shiga ko ba ta shiga ba? Ido gare ta?

Oga Sule: Oksijin sensa ta gaba, wadda ke kafin indomi. A tsofaffin motoci tana wasa tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Da famfo ya hura iska, hayaƙi ya cika da oksijin, sai ka ga lambar ta faɗo ƙasa can wajen 0.1 ta zauna. In kwakwalwa ta ba da umarni ta ga lambar ba ta faɗo ba, sai ta ce to iska ba ta iso ba. Sababbin kuma, irin Toyota ɗin nan, akwai sensa mai auna ƙarfin iskar a cikin layin. Shi ya sa ma wani lokacin famfo lafiya, bawul lafiya, sensar ce ta tsufa ta yi nauyin jiki, ko akwai huji a manifol. Amma wannan shi ne na ƙarshe da nake dubawa.

Nura: Na farko fa?

Oga Sule: Na farko motar ta kwana a wurina. Wannan shi ne inda nake faɗa da mutane. Mutum ya taho daga Zariya da azahar, injin kamar ka gasa masara a kai, ya ce Oga duba min yanzu zan koma. Me zan duba? Famfon ba zai tashi ba. In da babbar sikana ce mai iya ba shi umarni, to zan tada shi da hannu, amma ko da ita ni na fi son in ga yadda motar ke yi da kanta. Sai in ce a bar ta. Ana sallame sallar asuba in zo, ko shayi ban sha ba, in buɗe bonet, in sa yaro a ciki, ni in tsaya in ɗora tafin hannuna a kan famfon, in ce tayar. Daƙiƙun nan na farko su ne komai. Ko dai in ji yana kaɗawa a hannuna yana fuuu lafiya lau, ko in ji shiru, ko in ji yana gurnani ƙarrr yana ƙoƙari, ko kuma in ji cakal-cakal na ruwa a cikinsa.

Bash: Ruwa kuma? A famfon iska?

Oga Sule: To ai nan gizo ke saƙar, amma bari in zo. In shiru na ji, fis na fara zuwa. Fis ɗinsa babba ne, amfiya 40 ko 50, don famfon yana jan wuta sosai. In fis lafiya, sai rile. In zare rile, in haɗa ƙafa 30 da 87 na mazauninsa da waya mai kauri na ɗan lokaci kaɗan, in famfo ya tashi to shi lafiyarsa ƙalau, ko rile ne ko umarnin ne ba ya zuwa. In bai tashi ba, in sa mita a soket ɗinsa in ga ko bolt 12 na isowa, in duba as ɗinsa, wato wayar da ke haɗa shi da jikin mota, don sau da yawa as ce ta yi tsatsa. Wuta na zuwa, as na da kyau, ba ya motsi, to sannan ne zan ce ya mutu. Kuma rile yana iya yin akasin haka, ya manne a kunne, famfon da aka yi shi don minti biyu ya yi ta gudu har ya ƙone, wani ma ka kashe mota yana ci gaba, da safe ka tarar batir ya kwanta.

Nura: In fis ɗin ne ya ƙone ai an huta, a sa wani.

Oga Sule: A'a Malam Nura. Fis mai amfiya 40 ba ya ƙonewa don nishaɗi. Wani abu ne ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa, yawanci famfon ne ya cije. Ka sa sabo, gobe da safe ya sake tsinkewa. Sai wani gwani ya naɗa masa wayar kofa, ya ce yanzu ba zai sake ba. Gaskiya ya faɗa, fis ba zai sake ba, wayarin ɗin motar ne zai narke.

Bash: To ruwan fa Maigida, ka bar mu a rataye.

Oga Sule: Yauwa. Tsakanin famfo da injin akwai bawul. Aikinsa ya bar iska ta shiga, ya hana hayaƙi dawowa. A tsofaffin Mercedes da BMW bakyum ne ke buɗe shi, ta wani siririn tiyo da solonoyid, a Toyota irin 5.7 na lantarki ne. Shekara da shekaru hayaƙi na dukansa, baƙin kabon ya taru a bakinsa, ya daina rufewa ruf. To shi hayaƙin mota akwai tururi a cikinsa, ai kuna ganin ruwa na ɗiga a salansa da safe. Wannan tururin sai ya sulale ta bawul ya gangara cikin tiyo, ya huce, ya zama ruwa, ya taru a famfo tunda sau da yawa shi ne a ƙasa. Ruwan kuma mai tsami ne, yana cin ƙarfe. A can ƙasashen sanyi daskarewa yake ya riƙe farfelar, fis ya tashi. A nan tsatsa ce ke cinye boris. Na sha cire famfo in juya shi, baƙin ruwa ya zubo a ƙasa mai warin salansa, mai motar yana tsaye ya ce wa ya zuba min ruwa a mota.

Nura: Wai har an fara zargin maƙiya.

Oga Sule: Wallahi har da wanda ya ce matarsa ta biyu.

Bash: Inna lillahi.

Oga Sule: To ka sayi famfo Beljiyam da kuɗinka masu kauri, ka ɗaura, ka bar wancan bawul ɗin, ka kashe maciji ba ka sare kansa ba. Wata shida, shekara, ka dawo. Shi ya sa duk famfon da na samu ya mutu, sai na zare tiyon da ke zuwa bawul na leƙa. In ciki fes yake, to. In na ga baƙin toka ko danshi, ko bakin tiyon ya narke ya yi laushi, bawul ya gama. Gwajin ma ba wuya, injin na aiki ya ɗau zafi, famfo a kashe, ka kawo hannu kusa da bakin bawul ɗin, kusa fa na ce, kar ka taɓa, in ka ji hayaƙi na bugun hannunka fut-fut-fut, yana yoyo.

Nura: In kuma famfo na hurawa, bawul ba ya yoyo, amma wuta na nan?

Oga Sule: Sai ka tambayi ko bawul ɗin yana buɗewa ma. Siririn tiyon bakyum ɗin nan zafin ƙasarmu yana busar da shi, ka taɓa shi ya karye a hannunka. A BMW E46 shi ne abin da na fi samu, abin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba, amma an sa mutum ya sayi famfo. Sai babban tiyon roba shi ma ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, famfo na ta hura wa duniya iska. In duk waɗannan lafiya, in sa ɗan famfon bakyum na hannu in buɗe bawul da kaina injin na aiki. In hanya a buɗe take zan ji ƙarar hayaƙi ta fito bub-bub-bub. In na buɗe na ji shiru, to ramukan da ke cikin tof silinda ne kabon ya toshe, Audi masu silinda shida suna da wannan halin. Wannan kam aiki ne, a yi ta feshi ana sakace da waya, wani sa'in sai an kwance abubuwa da yawa kafin a kai gare su.

Bash: Ni fa tambayata ɗaya. Motar da ba ta da indomi ma, me za ta yi da famfon da ke ɗumama indomi?

Nura: Ah to, ga masana sun zo. Bash ina indomin motocin da kake sayarwa suke zuwa?

Bash: Ni haka nake samunsu!

Nura: Kullum haka kake samunsu. Mota ta taso daga Amurka da indominta, ta hau jirgin ruwa da indominta, tana isowa filinka sai ta zama mara indomi.

Bash: Tsakanin tashar jirgin ruwa da Kano hannu nawa take bi? Direban da ya koro ta fa? Inda ya kwana a hanya fa?

Oga Sule: Direba dai, bawan Allah, shi ba ya nan balle ya kare kansa.

Bash: Kuma Maigida kar ka sa baki, don garejin da aka fi yin wannan aikin...

Oga Sule: Ba nawa ba.

Bash: Ban ce naka ba.

Oga Sule: Ni rewaya ne, ina ruwana da ƙarƙashin mota. Ka nemi masu walda.

Nura: Masu walda kuma za su ce masu wankin mota.

Bash: Akwai wanda ya kai mota a ɗaure masa salansa tana ƙara, aka ce alhaji je ka ka ci abinci ka dawo. Ya dawo ƙara ta ƙaru, aka ce ai yanzu ne ta buɗe tana numfashi.

Nura: (dariya) Tana numfashi!

Bash: Har ya ƙara musu na goro.

Oga Sule: Ai abin da ke cikinta ne ke da tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake bin ta kamar zinare. Ba a nan kaɗai ba, a Ingila da Amurka ma shiga ƙarƙashin mota suke da dare su yanke.

Nura: To Bash ka ji, kana da 'yan uwa a waje.

Bash: Zan tashi fa in bar muku shirin.

Nura: Zauna, zauna. Oga amsa masa, don tambayar tasa da ma'ana duk da dai shi ne ya yi ta.

Oga Sule: Da ma'ana. In babu indomi, rabin amfanin famfon ya tafi, gaskiya ce. Amma kwakwalwa ba ta san wannan ba, za ta ci gaba da gwada shi tana kunna wuta, ga kuma P0420 ta rashin indomin ta zo ta zauna kusa da ita. Ni abin da ke damuna da wutar da ke kunne kullum, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba, tunda ka saba ganinta. Wasu har baƙin salatif suke liƙa mata, wasu a kwance dashbod a cire ƙwan. Alhali in fulogi ko kwayil ya fara yanka, wutar nan ƙiftawa take tana gaya maka ka tsaya, kai kuma ka rufe mata baki.

Nura: To mai Tundra fa da ya ce tasa ta daina gudu? Don su masu Mercedes cewa suka yi motarsu lafiya take tafiya.

Oga Sule: Yawancin motoci haka ne, ba za ka ji komai a tuƙi ba, wuta ce kawai. Toyota ce ba ta wasa. In ta ga bawul ya maƙale a buɗe, sai ta rage wa injin ƙarfi da gangan don kar hayaƙi mai zafi ya yi ta komawa baya yana ƙona kaya. Ka taka totur har ƙasa motar na jan ciki, wutar VSC, ta tsarin hana mota zamewa, ma ta kama, mutum ya ɗauka giya ce ta tafi. Na ga wanda saura kaɗan a sauke masa giyabos saboda wannan. Kuma a yawancin 4.7 famfon yana ƙarƙashin manifol na iska, a tsakiyar injin, sai ka ɗage saman gaba ɗaya kafin ka gan shi, to in ka buɗe nan ai ba ka mayarwa da tsohon bawul a baya. A Tundra 5.7 kuma guda biyu ne, suna cikin fenda ta gaba a gefen fasinja, to ka haɗa wannan da damina da titunanmu in ruwa ya kwanta, mutum ya ga babbar mota gare shi ya faɗa kududdufi da gudu. GX460 ita kuma akwai ɗan soso a cikin famfon mai tace iska, in ya tsufa ya ruɓe sai ya marmashe, gutsattsarin su bi iska su je su tokare bawul.

Bash: To ni dai a ganina a toshe kawai a huta. Faranti biyu a rufe hanyar iskar, a yi wa kwakwalwa furogiram, magana ta ƙare.

Oga Sule: Ana yi, ba zan ce ba a yi ba. A Amurka laifi ne a motar da ke hawa titi, kuma a jihohi da yawa ba za ta wuce gwajin hayaƙi ba. A nan kuwa mutum ne da aljihunsa. Amma toshewar ma ai iri-iri ce. Wanda ya zare soket ɗin famfo kawai ya bar bawul mai yoyo, bai yi komai ba, hayaƙi na nan na fita yana gasa tiyo da wayoyi, wani sa'in iska na shiga ta nan tana ruɗa oksijin sensa mota ta ƙara shan mai. Wanda kuma ya ba wa yaro mai laftof da bai san aikinsa ba ya taɓa kwakwalwar Mercedes...

Nura: Oga tsaya, wannan ita ce muhawarar da na shirya mu rufe da ita, a gyara ko a toshe, har na rubuto tambayoyi huɗu, ga kuma saƙon wata baiwar Allah daga Kaduna mai ML350 da na yi alkawarin karantawa, amma mai ɗaukar sauti yana ta nuna min agogo.

Oga Sule: Ai ban gama maganar laftof ɗin ba.

Bash: Na faɗa maka sai an yi kiran salla biyu.

Nura: A gurguje Oga, kalma ɗaya, gyara ko toshewa?

Oga Sule: In da indominta kuma tiyo ne ko rile ko bawul, a gyara mana, nawa ne. In kuma 4.7 ce da aka ce famfo da bawul duka sun tafi, to wannan sai mun zauna da mai motar, ya danganta da... kai, wayata ce ke ƙara, yaran nan ne. Halo? Kar ku tada ta! Na ce kar ku tada ta sai na zo, so nake ta huce!

Nura: To jama'a, Hajiya ta Kaduna ki yi haƙuri sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu da saƙonki za mu fara. Bash yi sallama.

Bash: Akwai GX470 mai tsafta a filina, da indominta.

Nura: Kashe makirfon ɗinsa. Sai an jima.